Saani da Jitar da Ya Bari a Kantina

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne makomarmu. Ranar Litinin, 6 ga watan Maris na shekarar 2017, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwanmu Saani, ɗan Zangon Kumasi, mazaunin unguwar Morris Heights a Bronx. Da ƙafarsa ya fita aiki da safe. Ya shiga gidan tsohon da yake kula da shi, ya yi masa wanka, ya ba shi abin kari, sannan ya zauna a kujera ya ce kansa yana juyawa. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce zuciya ce.

Ina kantina a titin 116 na Harlem, muna jayayya da wata 'yar Nijar a kan turaren wuta, sai ga Hawawu mai abinci ta bugo mini waya tana kuka. Ban yarda ba, Saani. Na kira lambarka ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na ce aiki ne ya riƙe ka. Sai da na ga fuskarka a wurin wanka na san ba ƙarya aka yi mini ba.

Ni Faruƙ, a Kantin Kwari na Kano na koyi kasuwa kafin in zo ƙasar nan, kuma kasuwa ta bar mini hali guda: in mutum ya shigo mini da murmushi, hannunsa nake kallo. Da wannan idon na fara ganinka shekarun baya, ranar da ka turo ƙofata da wata doguwar baƙar jaka, ka yi sallama da Hausarka ta Zango, ka ce in ajiye maka ita zuwa yamma. A garin New York, wa yake karɓar baƙar jaka daga hannun baƙo? Na ce sai ka buɗe. Ka buɗe, sai ga jita ja, jikinta duk ƙarzuwa, a gefenta sukudireba da wani guntun ƙarfe.

"Makaɗi ne kai?"

"Da rana mai wanke tsofaffi ne, Alhaji."

"Wace waƙa kake yi?"

"Babu waƙa."

"To wace rawa ake takawa?"

"Ba a rawa."

"To wa yake maka liƙi?"

Ka yi dariya har ka dafa kanta. Daga baya na gane dalilin ajiyar: yayanka Abdul-Karim a bene ɗaya yake da ku, kuma ya rantse ba za a hau masa matakala da kayan kiɗa ba. Kai kuwa ba ka son hayaniya da babba. Tun daga ranar jitar ta samu wuri a bayan kantata, tsakanin katan na zuma da ɗaurin dardumar salla. Kana zuwa ka ɗauka in za ka wurin gwaji, ka dawo da ita in kun tashi.

Na daɗe ina jiran ranar da za ka kawo mini ainihin buƙatarka. Lokacin da aka yi wa uwargidana aiki a asibiti, kai ka riƙa kai mini yara makaranta har ta warke, ba ka bari ko kuɗin bas na ba ka ba. Na ce a raina, to, yanzu zai zo. Ba ka zo ba. Da wani dattijon masallacinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa suna jin kunyar tsiraicinsa, kai ne kake biyawa kafin ka tafi aiki, ka ɗaga shi, ka wanke shi, ka yanke masa farce, kana ba shi labarin ƙwallo kamar ba komai. Na bincika ko dattijon yana da wani gida a ƙasarsu da kake hange. Ba shi da ko fili. Baƙin da suka kwana a falonka kafin su samu ɗaki ba sa ƙirguwa, wasunsu yau sun sayi mota ba sa gaishe ka, kuma ban taɓa jin ka ambata ba. In aka yi rasuwa, kai ne na farkon shiga kabari ka karɓi gawa, ko ana dusar ƙanƙara. Na juya ka ciki da waje yadda nake juya yadi in nemi inda ya yage, ban samu ba.

Kiɗanku kuwa, sau ɗaya na je, kuma don ka dame ni ne. Wata Lahadi bayan la'asar, a wani tsohon sito a Brooklyn. Na biya kuɗin shiga, yarinyar bakin ƙofa ta miƙo mini wasu 'yan soso guda biyu, wai in toshe kunnuwana. Na ce lallai na zo wurin 'yan kasuwar da suka fi ni: a sayar maka da kaya, sannan a ba ka abin da zai hana ka ɗauka. Masu jita goma sha biyu ne a jere, kowa da lasifikarsa, da mai ganga ɗaya a baya. Babu mawaƙi. Wata doguwar Baturiya mai furfura, wadda ita ce uwar ƙungiyar, ta tsaya a gabanku ta ɗaga hannu. Da ta sauke shi, na ji ƙarar a cikin haƙorana. Amo ɗaya kuka riƙe, kuna ta dukansa, ba ku gaba ba ku baya, har na fara duba inda ƙofa take. Kai kana can gefe, ka cusa sukudireba a ƙarƙashin tsirkiya, idonka a rufe. Can sai na ji wani abu a saman ƙarar, kamar mata suna guɗa daga nesa. Na leƙa ko'ina, babu macen da ta buɗe baki. Na zagaya bayan lasifikokin in ga inda aka ɓoye rediyon. Babu.

A jirgin ƙasa muna dawowa na ce ka faɗa mini gaskiya, ina kuka ɓoye matan? Ka ce, "Alhaji, ba ka taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude ba? Kowace taɓaryarta take bugawa, amma in sun daidaita sai ka ji wani kiɗa a tsakani wanda babu wadda ta yi shi. Shi muke nema. Shi ya sa kowa yake ɗaure tsirkiyarsa daban." Na ce na ji, amma mata in sun gama lugude ana samun gari. Ka ce Bakano ba zai shiga aljanna ba sai ya tambayi farashin ƙofa.

Asabar ɗin ƙarshe ka zo da yamma ka zauna a bayan kanta. Ba ka haɗa ta da wuta ba. Kana murɗa kunnuwan nan da ake ɗaure tsirkiya da su, kana kaɗawa ɗaya bayan ɗaya, ka kwantar da kumatunka a jikin katakon kana saurare. Da ka gama ka rufe jakar a hankali ka ce, "Wannan sabon ɗauri ne. Na daɗe ina nemansa, ko abokan kiɗana ban jiyar da su ba tukuna. Kada kowa ya murɗa mata kunne." Na ce wa zai taɓa maka ita, ɓerayen kantin? Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Saani, ba a gama share hawaye ba masu nemanta suka fara zuwa, kuma dalilin wannan rubutu ke nan, don ka san inda ajiyarka ta kwana.

Na farko Kwasi ne, abokin kiɗanka, Ba'ashante Kirista da ke tsallako ruwa daga unguwar St. George. Ya zo jana'iza ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu, wannan na yaba masa. Amma bayan sadakar uku sai ga shi a kantina tare da Baturiyar. Suka yi gaisuwa, ita har da hawaye. Sannan Kwasi ya ce ka kira shi ka gaya masa ka samu ɗaurin da kake nema, ba ka rubuta shi ko'ina ba, yana jikin jitar kawai. Suna so su ara. Ya ƙara da cewa abin na gaggawa ne, domin tsirkiya tana saki da kanta, sanyi da zafi suna canza ta, in aka daɗe ɗaurin zai tafi. Na san wannan salon. Duk wanda ya ce maka yau-yau, kada ka tsaya tunani, ya ga abin da kai ba ka gani ba. Kuma tun da nake ban taɓa ganin mai son kaya ya ce kada a goge, kada a gyara, kada a taɓa ba, sai in kayan sun fi yadda mai su yake zato. Na ce musu a wurinmu ba a taɓa kayan mamaci sai an yi addu'ar arba'in an raba gado. Baturiyar ta tambaya ko za ta yi magana da matarka. Na ce Adjara tana takaba, ba ta karɓar baƙi. Ta ce to ko buɗe jakar ne a yi, ta ji sau ɗaya. Na ce ko zif ɗin ba za a ja ba. Suka tafi. Kwasi ya ci gaba da leƙowa, yau ya sayi dabino, gobe ya sayi man zaitun da na san ba ya buƙata, idonsa kullum a bayan kanta.

Na biyu yayanka ne. Shi da wa'azi ya zo. Ya ce duk wanda ya kaɗa wannan abu bayanka, alhakin zai bi ka har kabari, kuma shi ba zai zuba ido ƙaninsa yana shan azaba ba. In ba shi ya kai ta inda zai farfasa ta. Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba, domin ni ma ba malami ba ne, kuma ba na son abin da zai dame ka a can. Har na jawo jakar. Sai ya ce in buɗe ya gani, ya zaro waya ya ɗauki hoton sunan kamfanin da ke kan wuyanta, ya juya ta ya ɗauki lambar da ke baya. Ni dai a sanina guduma ba ta tambayar sunan kamfani. Ban ce ya yi niyyar komai ba, Allah ne Masanin zukata, abin da idona ya gani na faɗa. Na mayar da jakar na ce masa shi ma ya jira arba'in.

Ta uku ba ta ce tana so ba. Khairunnisa, 'yarka tilo, tana biyowa daga jami'a ta zauna a kan katan ɗin zuma kusa da jakar. In na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, kamar sauran 'ya'yanmu. Ita ma sai da na zarge ta, na ce ko Kwasi ne ya turo ta. Wata rana na tambaye ta kai tsaye. Ta ce ba ta ma da lambarsa. Ta ce, "Kawu, ban taɓa jin Baba yana kaɗawa ba. Ko sau ɗaya. Kullum cewa yake sai na girma, don kada a ce ya lalata ni." Ta ɗora tafin hannunta a kan jakar, ba ta buɗe ba. A ranar na san wanda nake so ya samu jitar, amma ajiya ba kyauta ba ce, ba ni da ikon bayarwa. In aka sa ta cikin gado, yayanka yana da kaso, kuma da bakinsa da girmansa ba wanda zai iya hana shi fita da ita.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a an ci abinci jama'a sun ragu, dangi suka zauna a falonka da Liman domin maganar gado. Adjara tana ɗaki bayan labule. Aka lissafa abin da ka bari, ba shi da yawa. Na ce akwai ajiya a hannuna, na faɗi ko mece ce. Abdul-Karim bai bari na rufe baki ba. Ya ce wannan ba dukiya ba ce, kayan shagala ne, ba shi da ƙima a shari'a, ba ya shiga gado, a miƙa masa kawai ya kawar da shi. Liman ya ce lallai akwai malaman da suka tafi a kan haka. Sai muka ji murya daga bayan labule, a hankali, irin ta wadda ta daɗe ba ta yi magana da ƙarfi ba.

"Yaya, ka ce ba gado ba ce?"

"Ba gado ba ce."

"To in ba gado ba ce, ba ka da kaso a ciki, ni ma ba ni da shi. In kuma gado ce, rabi na yarinya ne, nawa na bar mata, sai a yi mata kuɗi a gaban Malam a fitar maka da naka. Kai za ka faɗi abin da ta kai, tunda ka bincika."

Ban san wa ya gaya mata zancen hotunan da ya ɗauka a kantina ba, ni dai ban gaya mata ba, ko da yake Hawawu tana shiga ɗakin kullum da kwanon abinci. Yayanka ya ce shi lahirar ƙaninsa yake dubawa. Adjara ta ce ta zauna da kai shekara ashirin ba ta ga ranar da ka bar salla saboda jita ba. Liman ya shafa gemu ya ce shi ba zai raba abin da magaji da bakinsa ya ce ba gado ba ne, hisabi kuma yana hannun Wanda ya fi mu sanin Saani. Ya juyo ya tambaye ni ko mamaci ya bar wasiyya a kanta. Na ce abu ɗaya ya ce, kada a murɗa mata kunne. Sai Khairunnisa ta miƙe ta ce ita take so, kuma ba za ta murɗa ba. Liman ya tambaya ko akwai mai ja. Abdul-Karim ya duba agogo ya ce lokacin salla ya yi.

Lahadin da ta biyo baya na rufe kanti da azahar, saboda yarinya ta ce tana so abokan ubanta su ji. Sharaɗina ɗaya ne: jitar ba za ta bar hannunta ba. Su biyar suka zo da nasu jitocin, suka tsugunna tsakanin buhunan gero da kwalaben turare. Na tsaya a bakin ƙofa da makulli a aljihu. Kwasi ya nuna mata yadda ake riƙewa ba tare da ya taɓa ba. Ta kaɗa tsirkiya ta farko. Suka sunkuyar da kai, kowa yana murɗa tasa har ta yi daidai. Ta kaɗa ta biyu. Haka har shida. Baturiyar ta ce a kaɗa duka tare, a hankali, ba wuta. Ni ban ji komai ba sai wani amo mai kauri da bai yi kama da daɗi ba, bai kuma yi kama da kuskure ba. Amma Kwasi ya rufe fuska da hannu, Baturiyar ta zauna daɓas a ƙasa da tsufanta, yarinya kuma ta ci gaba da kaɗawa tana kuka ba ta share ba.

Da za su tafi na tare Kwasi na ce ya gaya mini gaskiya, ɗaurin Saani ne suka ji ko wanda sanyin kantina ya yi? Ya ce ta saki kaɗan, ba zai rantse ba. Ya ce da an ba su tun farko da sun tabbata. Na ce da an ba ku tun farko da yarinyar nan ba ta ji ba. Bai musa ba. Sun ce za su yi kiɗa da shi, kuma sunanka zai kasance a kai. Na ce na ji. Na duba kayana bayan fitarsu, ko allura ba ta ɓata ba, amma sun fita da fuskar mutanen da suka yi ciniki mai kyau, kuma har yau ban gane abin da suka ɗauka ba. Zan sa ido. In na ga sanarwar babu sunanka, za su san akwai Bakano a Harlem.

Jitar tana Morris Heights yanzu. Khairunnisa ce ta rataya ta a kafaɗa ta hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu, ta shiga da ita ɗakin uwarta da rana tsaka, kowa yana gani. Amanarka ta fita daga wuyana, Saani, ba a murɗa mata kunne ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Mu abin da muka sani a kansa alheri ne, Kai kuma Ka fi mu sani. Ka gafarta masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi cikin rashin sani. In akwai laifi a cikin abin da hannunsa ya kaɗa, Ka dubi tsofaffin da hannun nan ya wanke da gawarwakin da ya karɓa a kabari, Ka yafe masa. Ka yalwata makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka sa Aljannar Firdausi ce gidansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Adjara, Allah Ya ba ta haƙuri Ya sa ta fita takaba lafiya. Ga 'yarsa Khairunnisa, Allah Ya raya ta Ya zama gatanta. Ga yayansa Abdul-Karim, wanda shi ma ƙani ya rasa, Allah Ya sanyaya zuciyarsa. Ga dangi na Kumasi, da jama'ar masallacinmu, da abokan kiɗansa waɗanda suka yi kuka a kantina. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.